Kumburin jiki bayan korona: hoton zuciyar yaro sau ɗaya ba ya isa

A ƙaramar hukumar Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, idan jikin yaro ya yi zafi, abin da ke fara zuwa a ran uwa shi ne masassarar cizon sauro, kuma galibi tana da gaskiya. Sai dai akwai zazzaɓin da gwajin jinin yatsa ba ya kamawa, maganin masassara kuma ba ya saukar da shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne cutar da likitoci ke kira PIMS da Faransanci, wadda ba ta da yawa amma tana taɓa zuciya.

A Ingila aka fara jan hankali a kanta cikin watan Afrilun 2020, wata guda bayan an samu mutum na farko mai korona a Yamai. A watan Mayu na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da alamominta, daga baya kuma likitocin yara a Legas da Afirka ta Kudu suka ba da rahoton ganinta. Tana tasowa ne makonni 2 zuwa 6 bayan yaro ya kamu da korona, sau da yawa ba tare da iyaye sun san ya kamu ba. Ƙwayar cutar ta riga ta tafi, garkuwar jiki ce ta ƙi kwantawa, ta koma tana faɗa da jikin kansa.

Zazzaɓi na kwana 3 ko fiye, ciwon ciki, amai ko zawo, ƙuraje, jan ido marar kwantsa, tsagewar leɓe, kumburin hannu da ƙafa: waɗannan su ne alamomin. Ana iya ɗaukarta ƙyanda, amma ita ƙyanda da tari da majina take zuwa.

Na'urar da ake duba zuciyar da ita ba baƙuwa ba ce ga mata, ekografi ce irin ta awon ciki. Ba allura, ba zafi, da sauti take aiki. Likita yana fara duba ƙarfin bugun. Lafiyayyar zuciya tana tura kashi 55 cikin 100 ko fiye na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu, idan adadin ya sauko to naman zuciyar ya raunana. Wannan yana da muhimmanci tun daren farko, domin yaron da ya galabaice akan yi hanzarin sa masa ƙarin ruwa, alhali ruwa mai yawa yana iya cika huhun wanda zuciyarsa ta gaji. Sannan ya duba ko ruwa ya taru kewayen zuciyar, ya kuma auna ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita kanta da jini.

Waɗannan jijiyoyin ne dalilin maimaita hoton. Kamar a cutar Kawasaki, wadda wani likitan Japan ya bayyana a 1967, suna iya buɗewa su kumbura bayan zazzaɓi ya sauka, yaro yana wasa, ba ya kukan komai. Jini yana iya daskarewa a wurin da ya kumbura. Shi ya sa ake yin hoton lokacin da aka gano cutar, a sake bayan mako 1 zuwa 2, a kuma sake a mako na 4 zuwa na 6. Yawancin yara ƙarfin bugunsu yana dawowa cikin ƴan makonni, amma wanda naman zuciyarsa ya kumbura akan hana shi ƙwallo da kokawa na wata 3 zuwa 6. Likita yana iya rubuta asfirin kaɗan don hana daskarewar jini. Sayensa a tebur a ba yaro mai zazzaɓi kuwa haɗari ne ga hanta da ƙwaƙwalwa.

Wahalar tana ga hanya da aljihu. Daga CSI ake tura yaro asibitin gundumar Dakoro, mai bukatar likitan zuciya kuma a wuce da shi Maradi, tafiyar sama da kilomita 100. Magani kyauta da gwamnati ta kafa a 2006 ya tsaya ga ƴan ƙasa da shekara 5, ita kuwa PIMS ta fi kama ƴan makaranta masu shekara 8 zuwa 9. Uban da ya ga ɗansa ya miƙe yana cin tuwo, da wuya ya sake biyan kuɗin mota don hoto na biyu, balle a tsakiyar damina. Abin da ya kamata iyaye su nema kafin sallama shi ne takardar sakamakon hoton farko da ranar komawa a rubuce, domin da awon farko ake gwada na biyu. Idan yaro ya fara haki, ciwon ƙirji ko suma, ba a jiran ranar.