Masunta Da Cikar Madatsun Ruwa: Daga Tiga Zuwa Kasuwar Potiskum

Mutumin Danchuwa ta ƙasar Potiskum ba shi da wata babbar madatsar ruwa a bakin ƙofarsa, noma da kiwo ya sani. Amma bandar kifin da uwargida ke sa masa a miyar kuka takan zo ne ta hanyar Gashuwa, watau daga kogin Yobe da fadamun Haɗeja da Nguru. Ruwan da kifin nan ya girma a ciki kuwa, wani sashe nasa daga Jihar Kano ya taso. Saboda haka duk abin da ya faru a Tiga cikin watan Agusta, sai an ji shi a aljihu a kasuwar Potiskum.

An gama gina madatsar Tiga a kan kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sa'an nan aka gama ta Chalawa cikin 1992. Kogunan nan biyu su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, wanda ya gangara ya sadu da na Jama'are kusa da Gashuwa. Duka madatsun biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Wanda bai san su ba zai zaci cikar ruwa biki ne ga masunci. Ina! A tsakiyar damina, in tafkin madatsa ya tumbatsa, sai ruwa ya haye gaɓa ya shanye ciyawa da gonakin bakin ruwa. Kifin da ke cunkushe wuri guda da rani sai ya watse, karfasa da tarwaɗa su kutsa cikin ciyawar nan su yi ƙwai, inda birgi ba ya buɗewa sosai, in kuwa an jefa sai ya kama kututture. Ga ruwa ya yi jawur da laka, ga yayi da karan da kogi ya kwaso suna cika raga. Mutum ya kwana ya shimfiɗa kalli, da asuba ya ja ya tarar da shara ta fi kifi, wani lokaci ma ragar ta yage. Kuɗin raga kuwa sau da yawa bashi ne daga dillalin da zai sayi kifin.

Tsohon masunci ba ya jayayya da ruwa a irin wannan lokaci. Sai ya naɗe manyan ragoginsa, ya koma gefe da gura da sankiya, ya kafa su a bakin ƙoramun da ke shiga tafki, ya ja mamari a gindin ciyawa saboda tarwaɗa, wadda ke son bin sabon ruwa bayan an ɗauke sama. Abin da ya samu na cefane ne kawai. Ko ya yi sa'a ma, ga wahalar banda: itace a jiƙe, rana ba ta fitowa, hanyar mota ta yanke, kifi kuwa ba ya jiran kowa.

Na ƙasa da madatsa su ne abin tausayi. In tafki ya cika, rarar ruwa takan bi mazubin da aka tanada mata ta kwarara, ko an buɗe ƙofa ko ba a buɗe ba, ta haɗu da ruwan sama da ya riga ya cika kogi. Haka aka gani a ƙarshen Agusta na 2001, lokacin da ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Kano da Jigawa, aka yi hasarar rayuka. Cikin 2022 kuma ruwa ya sake mamaye ƙasar Ringim da Auyo da Haɗeja, har ya kai Gashuwa. Akan ƙidaya gidaje da gonakin da suka salwanta, amma da wuya ka ji an ƙidaya jirage da ragogin da ruwa ya tafi da su cikin dare, alhali su ne gonar masunci.

Duk da haka, ka tambayi masuntan Bade, ba za su zagi ambaliya ba, domin ita ce uwar kifi. Shekarar da ruwa ya malala sosai cikin fadama, 'ya'yan kifi sukan sami abinci da maɓoya, da kaka in ruwa ya fara janyewa sai su taru a tafkuna da ƙibarsu, homa da gora su yi aiki. Abin da ya fi cutar su shi ne sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara don noman rani. Ruwan da ba ya ƙafewa shi ya ba kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru, jirgi ba ya ratsawa, raga ba ta shiga, wasu wuraren ruwa ya yi yawa, wasu kuma ya daina zuwa.

Masunta ma suna da nasu laifin. Yunwar damina kan sa wasu su ɗauki raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, su kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Wannan cin iri ne, kuma sarakunan ruwa sun san masu yi.

A ganinmu, ma'aikatan da ke auna ruwan Tiga da Chalawa sun san ranar da tafki ya kusa cika, ruwan kuwa yakan yi kwanaki da yawa kafin ya isa Haɗeja, balle Gashuwa. Wannan tazara ta isa a aika wa hakimai da sarakunan ruwa, a kuma faɗa a rediyo da Hausa da Badanci da Barbarci, kowa ya ja jirginsa tudu, ya tsame ragarsa tun da rana.