Na'urorin Rage Shan Mai: Wanne Ke Aiki, Wanne Ne Cin Kuɗi?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafi ya sauya a gidaje da yawa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ku ma kun ji a jikinku: kuɗin adaidaita sahu zuwa makaranta ya tashi, wasu iyayen sun jingine motocinsu sai ranar Juma'a ko biki.

Duk inda jama'a suka shiga matsi, masu sayar da mafita ba sa ƙaranci. A Facebook da TikTok za ku ga ana tallar maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da ƙwayar da ake jefawa cikin tanki, da wani ɗan akwati mai fitila da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, har da kwalbar da aka ce tana sa mota ta yi tafiya da ruwa. Kowanne da alƙawarinsa, wani ma ya ce zai rage shan mai da rabi. Kafin Baba ko Yaya ya zaro kuɗinsa, akwai tambaya guda da ɗalibin da ya zauna a ajin fizis zai iya yi: wannan ƙarin ƙarfin, daga ina zai fito?

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin injin. Fetur na haɗuwa da iska, filogi ya ba da tartsatsi, cakuɗen ya kama da wuta, zafin ya tura fistin, tayoyi su juya. Yawancin masu talla suna cewa na'urarsu tana sa mai ya "ƙone sosai". Matsalar ita ce, injin zamani mai lafiya ya riga ya ƙone kusan duk man da ya shiga cikinsa. Asarar da ake yi a wani wurin take: kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man yana tafiya ne a matsayin zafi, ta salansa da lagireto. Shi ya sa ba ka iya ɗora hannu a kan injin da ya yi tafiya. Babu ƙwayar da za ta dawo da wannan zafin cikin tanki.

Batun maganaɗisu ma ba ya buƙatar dogon bayani. Ku kusantar da shi ga ƙusa, za ta manne. Fetur kuwa haɗin kabon ne da haidirojin, maganaɗisu bai da wani tasirin kirki a kansa. Shi kuma ɗan akwatin nan na ƙarƙashin sitiyari, masu binciken da suka fasa irinsa sun sha tarar da cewa ba abin da yake yi sai kunna fitila tana ƙyaftawa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100 a tsawon shekaru, ba ta samu ko guda da ta rage shan mai sosai ba. Kaɗan sun nuna ɗan amfanin da bai taka kara ya karya ba, wasu kuma sun ƙara hayaƙin da mota ke fitarwa.

Wadda ta fi ruɗar mutane ita ce motar ruwa, domin akwai gaskiya a farkon maganar. Ruwa haidirojin ne da oksijin, kuma haidirojin yana cin wuta sosai. Idan aka zura waya biyu a ruwa aka ba su lantarki, ruwan zai rabu zuwa waɗannan iskoki biyu. Wasunku sun ga zanen wannan gwajin a littafin kemistiri. Sai mai talla ya ce, to a tura iskar cikin injin, shi ke nan an samu mai kyauta. Amma ku bi sawun lantarkin. Daga batir ya fito. Wa ke cajin batir? Altaneta. Wa ke juya altaneta? Injin. Me injin ke sha? Fetur. Ƙarfin da ake kashewa wajen raba ruwa ba ya taɓa gaza wanda ake samu idan an ƙona haidirojin ɗin, kuma a kowane mataki ana zubar da wani abu. Kamar mutum ne ya ranci naira 1,000 don ya sayi abin da zai sayar 600. Wata hanyar fahimtarsa: idan haidirojin ya ƙone, ruwa yake komawa. Ke nan ruwa tamkar toka ne, kuma ba a hura wuta da toka.

Wani Ba'amurke mai suna Stanley Meyer ya yi suna da iƙirarin cewa ya ƙera motar da ke tafiya da ruwa. A 1996 mutum biyu da suka zuba kuɗi a harkar suka kai shi kotu a jihar Ohayo. Masana suka duba na'urar, kotu ta yanke cewa zamba ce, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Har yau bidiyonsa na yawo, ana cewa kamfanonin mai ne suka danne ƙirƙirar. Ni dai abin da nake tambaya shi ne: kamfanoni irin su Toyota da Honda suna kashe maƙudan kuɗi don motarsu ta fi ta abokin gasa rashin shan mai ko da da kaɗan ne. Da kwalbar ruwa ko maganaɗisu na aiki, me zai hana su sa shi tun daga masana'anta?

Sauya man da kansa kuwa wata magana ce daban, domin a nan tambayarmu tana da amsa. A Burazil, bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnati ta ƙaddamar da shirin yin itanol daga rake a 1975. Tun daga 2003 ake sayar da motocin da ke shan fetur ko itanol ko gaurayensu. Ƙarfin daga hasken rana ya fito, rake ya adana shi. Sai dai litar itanol ba ta kai ta fetur ƙarfi ba, ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa direbobin can suke da ƙa'ida: ba sa sayen itanol sai farashinsa bai wuce kashi 70 cikin 100 na fetur ba. Man gyaɗa ma ya taɓa juya injin: a baje kolin duniya na birnin Faris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da shi. Kada dai wani ya kwashi na kicin ɗin Mama ya ɗura. Kaurinsa na toshe injinan yanzu sai an sarrafa shi, ga kuma tsada.

A nan gida, abin da ake ta magana a kai shi ne iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a kanta a 2023. Wannan tana aiki, kuma ƙasashe irin su Iran da Fakistan da Indiya sun daɗe suna amfani da ita. Nijeriya na da arzikin gas mai yawa, kuma inda ake samunta ta fi fetur araha nesa ba kusa ba. Amma akwai ɗawainiya. Juya mota zuwa gas na cin kuɗi masu kauri, tukunyar tana cinye wuri a but, ba ta kai cikakken tankin fetur nisan zango ba, kuma gidajen sayar da ita sun yi ƙaranci, musamman a Arewa. Wannan na cikin dalilan da ake zuba ido ga bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Abu mafi muhimmanci: ana matse CNG da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200. Tukunyar gas ɗin girki, ko wadda mai walda ya haɗa, ba za ta iya ɗauka ba. A Oktoban 2024 wata mota ta yi bindiga a gidan sayar da gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, aka kuma gano tukunyar haɗin gida ce. Wannan aikin na cibiyoyin da aka amince da su ne kawai.

Abubuwan da ke rage shan mai da gaske ba su da ban sha'awa, shi ya sa ba a tallarsu: isasshiyar iska a taya, sabis a kan lokaci, sauke kayan da ba a buƙata, daina fizgar mota da taka birki da ƙarfi, da rage gudu a babbar hanya, tunda turjiyar iska na ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa na'urar ta yi musu aiki? Sau da yawa wanda ya kashe kuɗi yakan fara tuƙi a hankali ba tare da ya lura ba, sai ya ba na'urar ladan ƙafarsa. Kuma allurar mai ba ma'auni ba ce. Ga yadda za ku taya na gida gwadawa: a cika tanki fal, ku rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. Idan an dawo shan mai a sake cikawa fal, ku rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar. Ku raba kilomitar da aka yi da yawan litar. Mota ta yi kilomita 300 ta sha lita 30, ke nan kilomita 10 a kowace lita. Ku maimaita sau uku babu na'urar, sau uku da ita, direba ɗaya, hanyoyi iri ɗaya. Idan zai yiwu, ku sa wani ya riƙa ɗaurawa da cirewa ba tare da direban ya san ranar da take jiki ba.