Unguwar da Aka San Ka da Unguwar da Aka Ja Katanga

Daga Agiye zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Motar da ta tashi da hantsi ta bi babbar hanya, ta ratsa Caduwa, kafin azahar ta sauke mutum a tasha. Shi ya sa yawancin mutanen Agiye da Gazawa ba sa sa kwana a lissafinsu: a sayar da aya ko wake, a yi sayayya ranar Litinin ko Juma'a da babbar kasuwa ke ci, a juyo kafin magariba. Haka na Gidan Rumji masu shigowa ta Tibiri. Sai dai akwai ranar da likita zai ce a dawo gobe da safe don sakamakon gwaji, ko mai sa hannu a takarda ya fita bai dawo ba, ko dillali ya ce kuɗin ba su haɗu ba tukuna. Ran nan ne mutum zai tsaya bakin titi shi kaɗai, rana na faɗuwa, yana tunanin inda zai sa haƙarƙarinsa.

Maraɗi na da amsa biyu ga wannan mutum, kuma tsarin garin ne da kansa ya raba su. Tsohon garin da Katsinawa suka zauna bayan Jihadi a fadama yake, bakin Gulbi, har ruwa ya cinye shi a 1945. Turawan Faransa suka ɗauke mutane suka hau da su tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu, amma unguwanni suka hau da sunayensu da masu unguwanninsu: Bagalam, Ƴandaka, Makoyo, Limanci, Ɗan Gulbi, Maraɗawa. Daga baya, da kuɗin gyaɗa da na fataucin Najeriya suka shigo, gari ya miƙe ya haifi su Zariya da Ali Ɗan Sofo, inda ake samun gidajen siminti masu dogayen katanga, da ofisoshin ƙungiyoyi, da gidajen saukar baƙi. A ɓangare na farko mutane ne ke tsaron baƙo. A na biyu, gini ne da mai gadi.

A tsohuwar unguwa baƙo ba ya shiga haka kawai. Yana sallama a ƙofar zaure za a ba shi ruwa, a bar shi ya huta, sannan tambaya ta biyo baya a hankali.

"Malam, daga ina?"

"Daga Gangara, Baba, ƙasar Gazawa."

"To, madalla. Gidan wa a Gangara? Wa ya turo ka wurinmu?"

Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka bincike ne na rashin yarda. Alhali tsaron ke nan ake ɗaurawa. Da zarar ya ambaci sunan da mai gida ya sani, ko na abokin cinikinsa ne, ko na malamin da suka yi karatun allo tare, shi ke nan ya zama baƙon wane. Da isha'i liman zai gan shi a sahu, wani ya raɗa masa ko wane ne. Samarin fada da ke bakin lungu, waɗanda ke dafa shayi har ƙarfe biyun dare, sun riga sun ga shigarsa, sun san rigar da ke jikinsa. Mutane kan yi ƙorafi da ƴan fada, a ce zaman banza suke yi, amma lungun da ke da fada ɓarawo ba ya son sa, domin babu sa'ar da zai ratsa ba a ce masa "kai, wa kake nema?" ba. Baƙon da ya kwana a zauren nan, in akwai kuɗi tare da shi, mai gida yake ba ajiya a gaban shaida, ya kwanta da hannu sake.

Wannan tsari ya girmi Maraɗin tudu nesa ba kusa ba. Shi ne tsarin fatoma, wanda fataken Hausa suka bi da shi har Gwanja. A Janairun 1851 Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa zai tafi Katsina da Kano, kuma duk da takardun gwamnatin Ingila da ke hannunsa, a jikin ayarin gishirin Abzinawa ya raɓa, domin dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina ba a keta shi mutum ɗaya. Ya kuma ga Gazawa kewaye da kafi, ana zaman ɗar-ɗar saboda yaƙi. Ashe tun wancan zamani garin ya san tsaro iri biyun nan, na jama'a da na shinge. A Ibadan kuwa, inda aka kafa unguwar Sabo a 1916, masani Abner Cohen ya zauna da Hausawa ya fitar da littafi a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro kacokan ya rataya a wuyan masu gida: su ke saukar da baƙo, su ciyar da shi, su ajiye kuɗinsa, su tsaya masa in an ci bashinsa. Mai gidan da ya bari aka cuci baƙonsa sau ɗaya, labari zai riga shi isa arewa, zaurensa ya koma wurin kwanan awaki. Ba kirki kaɗai ke sa shi tsaron baƙo ba, abincinsa ne a ciki. Wannan ne ma ya sa na fi yarda da tsarin.

To amma ba kyauta ba ne. Wanda ya sauka a zaure ya sayar da sirrinsa. Kafin gari ya waye unguwa ta san buhu nawa ya kawo, ta san ko asibiti ya zo, har ta fara ƙiyasin ciwon. In mai gida dillali ne, baƙo ba shi da fuskar kai kayansa wurin wani ko da an fi ba shi tsada a can, ga la'ada tana jira. Ba ya dawowa da tsakar dare, ba ya kawo wanda ya ga dama. Sannan tsaro ba ɓarawo kaɗai ba ne. Unguwannin da suka gangara wajen Gulbi su ne sauro ya fi yawa, su ne ruwa ke kwanciya a lunguna, kuma wanda ya ga yadda gidajen ƙasa suka zube a Maraɗi a damanar 2024 ba zai yi gaggawar shimfiɗa tabarma a gindin tsohon garu cikin watan Agusta ba.

Babban abin da ya taɓa wannan tsari kuwa daga kudu ya zo. Tun 2019 ƴan bindiga suka koro dubun dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suka kwararo ƙasar Gidan Rumji da Madarumfa. Ƙauyukan iyaka suka buɗe musu gidaje da rumbuna kafin wata hukuma ta iso, daga baya aka kwashe wasu zuwa Cadakori da Ɗan Daji Makau da Garin Kaka don a nisanta su da bakin iyaka. Ba a taɓa gwada karɓar baƙi na mutanen ƙauyukan nan kamar lokacin ba, kuma ba su ji kunya ba. Amma satar mutane da korar shanu sun ƙetaro su ma, tare da kalmar da yanzu kowa ke faɗa da ƙaramar murya: infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Baƙon da ba a san asalinsa ba, wanda dā za a ce masa ga masallaci nan ka kwanta, yau sai a kai maganarsa ga mai unguwa, wani lokaci har ga jandarma. Ba na ganin laifin masu yin haka. Sai dai sakamakon shi ne, tsohuwar unguwa ta ƙara aminci ga wanda ke da suna a bakinsa, ta ƙara tsauri ga wanda ba shi da kowa.

Nan ne gidan saukar baƙi na sabuwar unguwa ke da ranarsa. Ba ya tambayar ɗan gidan wa ne kai. Katin shaidar ɗan ƙasa yake so, ka cika takardar da ake ajiye wa ƴan sanda, ka biya, a miƙo maka makulli. Akwai mai gadi a ƙofa da kujerarsa da tocila, akwai ƙofa mai sakata ta ciki, akwai famfo da wurin cajin waya. Ga malamin makarantar da ya zo taron kwana uku, ko ma'aikaciyar lafiya daga Agiye da aka kira horo, ko ɗan kasuwar da ba ya son a san abin da ya ɗauko, wannan hutu ne. Ba wanda zai riƙe shi da hira har sha biyun dare don kunya.

Aibinsa shi ne tsaron yana ƙarewa a bakin ƙofa. Fita daga irin gidan nan da asuba ka duba titi: katanga a dama, katanga a hagu, waya mai ƙaya a bisa, ba mai shayi, ba mai ƙosai, ba yaro ko ɗaya. Mazauna unguwar da mota suke shiga, ƙofar ƙarfe ta rufe a bayansu. In wani ya tare ka a nan ya ce kawo waya, ihunka bango zai ji, mai gadin maƙwabta kuwa ba a ɗauke shi aiki don kai ba. Ga nisa da tasha da kasuwa, dole sai ɗan kabu-kabu, kuma baƙon da ya hau bayan babur ɗin wanda bai sani ba da ƙarfe huɗun dare ya riga ya zubar da rabin tsaron da ya saya. Ga tsada: kuɗin ɗaki na dare guda kan lashe ribar da ƙaramin mai aya ya zo nema. Kuma in wani abu ya same ka a ɗaki, zazzaɓi ya kayar da kai ko numfashi ya sarƙe, ba mai ƙwanƙwasawa sai lokacin biya ya yi. A zaure kuwa, rashin ganinka a sallar asuba kaɗai ya isa a aiko yaro.

Akwai kuma otal-otal da ba na sabuwar unguwa ba, masu arha, na kusa da tasha da mashaya. Waɗannan sun haɗa aibin ɓangarorin biyu: ba wanda ya san ka, ba kuma katangar kirki. Su ne wuta ke fara ci in gari ya rikice, kamar a Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta juya a Maraɗi aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da majami'u.

Kada a ce na rufe ido ga raunin unguwar ƴan'uwa. A kudancin Najeriya, inda ɗan ci-rani daga Gazawa ke sauka kai tsaye a zango ko Sabo, taruwar da ke kare shi kullum ita ke nuna shi ranar rikici. An gani a Shagamu a 1999, a Idi Araba ta Legas a 2002, a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Ranar da faɗa ya zama na ƙabila, wanda ke ɗakin otal a wata unguwa, ba a san daga ina ya fito ba, ya fi kwanciyar hankali. Amma irin ranar nan ɗaya ce cikin dubu, kuma ko a ranar, sarkin Hausawa ne ke ƙirga mutanensa, ya nemi motar da za ta kwashe su, ya san wanda ya ɓace. Na ɗakin otal in ya ɓace, sai dai danginsa su yi ta kiran lambar da ba ta shiga.

Don haka in ɗan'uwa daga Agiye ya tambaye ni, cewa zan yi ya nemi suna kafin ya nemi ɗaki. Da ɗan gari akan ci gari. Waya ta sauƙaƙa abin: kafin mota ta tashi, a kira wanda ya san wani a Maraɗi, shi kuma ya kira mai gidan ya ce ga wane nan tafe, ɗan wane ne. Kiran minti biyu ya maye gurbin wasiƙar ajami da fatake ke ɗaurawa a rawani. In sunan bai samu ba, kuma aljihu zai ɗauka, to a nemi gidan baƙi da ke bakin babban titi mai fitila da masu shayi, ba wanda ke can ƙuryar unguwar masu kuɗi ba, a shiga kafin duhu, kada a fito sai gari ya yi haske. In kuwa dare ya riga ya yi, babu suna babu kuɗi, tashar manyan motocin safa irin su Rimbo ta fi yawon neman masauki: ga fitila, ga jama'a kwance kan tabarmi suna jiran motar asuba, ga masu gadi. A sa jaka a matashin kai.

Mace ce duk wannan lissafi ke yi wa wuya. Zaure na maza ne, masallaci ma haka. Ita sai cikin gida, wurin matan mai gida, kuma cikin gida ba a shigarsa da sunan abokin ciniki, sai da dangantaka ta jini ko ta aure ko ƙawance mai ƙarfi. In ta samu, ta fi kowa tsaro: "Sannu da hanya, ɗiyata, ajiye kayanki ɗakin Inna," shi ke nan an rufe ta. In ba ta samu ba, otal ɗin da zai kare jikinta shi zai taɓa sunanta, domin har yau mutanenmu in sun ga mace ta fito daga otal ita kaɗai ba sa tambayar abin da ya kai ta, kuma a ƙetaren iyaka, a Kano, tana iya cin karo da samamen Hisba. Shi ya sa matan karkara da ke kawo marasa lafiya Maraɗi suka fi son kwana a farfajiyar asibiti cikin sauran masu jinya, kan tabarma, da buta da ƙullin gari, ko da wadda suka kawo ba a ba ta gado ba.