Ciwon Daji a Lokacin Juna Biyu da Bayan Haihuwa: Abin da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa, idan mace a cikin ikkilisiya ta sami juna biyu, dukanmu mukan yi murna. Amma wani lokaci a tsakiyar murnar sai likita ya ce an ga ciwon daji, wato sankara. Nan take iyali sukan fara tambaya: za ta rayu? Jaririn fa? Bari mu duba abin da likitoci suka gano.

A cikin mata dubu masu ciki, akan sami kamar ɗaya da wannan ciwo. Waɗanda aka fi gani su ne sankarar mama, ta bakin mahaifa, da ta jini. Ta mama ita ce aka fi bincike a kanta, kuma ita ce ta fi kama mata a Nijeriya, don haka a kanta za mu fi tsayawa.

A shekarar 2013, Farfesa Frédéric Amant na jami'ar Leuven a ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa sun kwatanta mata 311 da aka gano sankarar mama suna da ciki, da mata 865 marasa ciki. Da aka yi la'akari da shekarunsu, da matakin ciwon, da irin maganin da suka samu, sai aka ga tsawon rayuwarsu kusan ɗaya ne. Ma'ana, cikin kansa ba shi ne yake kashe mace ba. Zubar da cikin ma ba a ga yana ƙara wa mai sankarar mama kwana ba.

Ana iya yin magani da cikin a jiki. Ana yin tiyata. Maganin kemo, wanda ake sawa ta jijiya, ba a ba da shi a watanni uku na farko, domin lokacin ne gaɓoɓin jariri suke haɗuwa. Daga wajen mako na 14 ana iya farawa, a dakata kamar mako uku kafin haihuwa. Gashi da na'ura da wasu ƙwayoyi kuwa akan bar su sai an sauka lafiya. A 2015 waɗannan likitoci sun bi yara 129 da iyayensu mata suka yi ciwon daji suna ɗauke da su, suka tarar ƙwaƙwalwarsu da zuciyarsu suna girma kamar na sauran yara. Abin da ya fi cutar da yaran shi ne a haife su bakwaini.

Inda hatsari ya fi yawa shi ne bayan haihuwa. Wani bincike a jihar Kolorado ta Amurka ya nuna cewa matan da aka gano ciwon cikin shekara biyar bayan haihuwa, yiwuwar ya bazu zuwa wasu sassan jiki ta kusan ninka sau uku, idan aka kwatanta da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Masana suna ganin sauyin da mama yake yi bayan yaye, lokacin da yake komawa yadda yake a da, yana buɗe wa ciwon hanya.

Ga kuma jinkiri, wanda shi ne babbar matsalarmu a nan. Mai ciki ko mai shayarwa mamanta yakan cika ya yi tauri, sai ta ji ƙullutu ta ce ruwan nono ne ya daskare. Kaka ta ce a gasa da ruwan zafi, maƙwabciya ta kawo saiwa, wani ya ce daji ba ya son allura. Watanni su wuce. Shi ya sa yawancin matanmu suke isa asibiti ciwon ya riga ya kai mataki na uku ko na huɗu, inda warkewa take da wuya.

Saboda haka mu riƙe wannan. Duk ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, ko jini daga kan mama, ko fatar da ta canja, ko zubar jini bayan saduwa, a nuna wa likita. Hoton sikan ba ya cutar da jariri, haka ma ɗibar ɗan nama don gwaji. Idan ƙaramin asibiti ba shi da kayan aiki, a nemi takardar zuwa babba, kamar asibitocin koyarwa na Zariya, Jos, Sakkwato da Gombe, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Mai karɓar kemo kuma ba za ta shayar ba.

Maigida, kada ka ce a bari sai an haihu ko sai an yaye. Zumuntar Mata, idan kun je barka, ku tambayi mai jego lafiyar jikinta, ba ta jariri kaɗai ba. Maganin yana da tsada, tafiyar da nisa, kuma akwai yara a gida da za a kula da su. Mu yi mata addu'a, mu haɗa kuɗin mota, wata a cikinmu kuma ta raka ta asibiti tun da wuri.