TAFKIN YASH CHOPRA: Inda Waƙoƙin Indiya Ke Samun Duwatsunsu

Mai karatu, ka tuna wannan wurin? Jaruma ta fito da sari shara-shara, iska na kaɗa gashinta, bayanta ga ciyayi kore shar, can sama kuma ga duwatsu sanye da farin ƙanƙara. Sai jarumi ya ɓullo a guje yana buɗe hannuwa. Mun sha yin gardama a majalisa kan ko ina ne wannan wuri, wasu su ce Kashmir ce, wasu su rantse zane ne kawai aka kafa a bayansu. To yau dai gardama ta ƙare. Da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi a ƙasar Suwizalan aka ɗauke su, a tsakiyar Turai.

Tun a 1964 Raj Kapoor ya kai kyamara can a fim ɗinsa "Sangam". Amma wanda ya mayar da ƙasar tamkar gidansa shi ne darakta Yash Chopra. Ya je da "Faasle" a 1985, ya koma da "Chandni" a 1989, fim ɗin da Sridevi ta ja zarenta son ranta, sannan "Darr" a 1993. Da rikici ya rincaɓe a Kashmir daga ƙarshen shekarun 1980, sai 'yan fim ɗin Indiya suka rasa duwatsunsu na gida, suka bi sahun Chopra. A 1995 ɗansa Aditya Chopra ya yi "Dilwale Dulhania Le Jayenge" da Sharukan da Kajol, inda aka nuna gadar garin Saanen da tashar jirgin ƙasa ta Zweisimmen.

A wannan yankin ne akwai wani ɗan tafki mai suna Lauenensee, kusa da garin Gstaad a jihar Bern. Saboda yawan zuwan Chopra wurin, Indiyawa masu yawon buɗe ido suka laƙaba masa suna Tafkin Yash Chopra.

Ba sai kai ɗan tsere ba

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wurin da muke gani kamar sai da jirgi mai saukar ungulu ake isa, ashe tsohuwa da jikanta ma suna zagaye shi da ƙafa. Tafkin yana kan tudu mai tsayin mita 1,381 daga teku, amma hanyar da ta kewaye shi kusan a shimfiɗe take. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba an gama zagaye, idan dai ba a tsaya ɗaukar hoto ba. Wanda kuwa zai wuce bai ɗauki hoto ba, ai sai a bincike shi!

Hanyar tana ratsa ɗan kurmi, ta fito fadama, inda aka shimfiɗa katako don kada ƙafa ta nutse. Kana tafe kana jin ƙarar ruwan Tungelschuss yana zubowa daga kan dutse, ga kuma ƙararrawar da ake rataya wa shanu a wuya. A lokacin zafi motar bas mai ruwan ɗorawa tana tasowa daga Gstaad har kusa da tafkin. Mai son ƙarin tafiya sai ya sauka a ƙauyen Lauenen ya taka sauran, mai son ƙasaita kuma ya hau keken doki.

Ba a ɓata a can. Alluna masu ruwan ɗorawa suna nuna inda za ka, da tsawon lokacin da tafiyar za ta ci. Ruwan ɗorawa zalla alamar hanya ce mai sauƙi. Idan ka ga fari da ja, to ta hawan dutse ce, kada ka shiga da yara. Wurin keɓaɓɓe ne, doka ta kare tsirrai da tsuntsayensa, don haka ba a barin shara. Kuma a je da rigar sanyi ko da rana ta fito. Ita jarumar da ka gani da sari tana murmushi, Allah kaɗai ya san irin ɗarin da ta sha.

Su sun ci riba, mu fa?

Mutanen Suwizalan ba su yi wa Chopra butulci ba, domin finafinansa sun janyo masu baƙi daga Indiya. A 2011 garin Interlaken ya naɗa shi jakadansa, aka kuma sa wa wani jirgin ƙasa sunansa. Ya rasu a 2012, a 2016 kuma aka kafa mutum-mutuminsa riƙe da kyamara a Interlaken.

Nan ne fa maganar ta zo gida. Mu ma 'yan fim ɗinmu sun sha ɗaukar waƙoƙi a bakin ruwan Tiga da Bagauda, da duwatsun Jos. Matasa nawa ne suka fara ganin Tiga a kaset kafin su san hanyarta? Amma da an ce "kat", sai kowa ya tattara kayansa, wani lokacin ma a bar ledojin ruwa a wurin. Abin da ya sa ake tururuwa zuwa Lauenensee ba wani sihiri ba ne: hanya ce mai kyau, da allo, da benci, da tsafta, da kwanciyar hankalin da zai sa magidanci ya ɗebi iyalinsa ya je.

Furodusoshi, ku riƙa rubuta sunan lokeshin a ƙarshen fim, don mai kallo ya san inda zai nufa. Hukumomi, ku gyara hanya ku samar da tsaro. Kai kuma ɗan kallo, biza da kuɗin jirgi ba su zama dole ba tukuna. Sallah mai zuwa ka nemi izinin Baba, ku haɗa kuɗin mota da abokai, ku ɗauki ƙannenku da kular abinci, ku je bakin ruwa mafi kusa da ku. Sai dai a riƙe hannun yara, kada wanda bai iya iyo ba ya ce zai gwada, kuma a dawo gida kafin magariba.