Sayen Mota a Yola da Jimeta: Tsakanin Sha'awa da Ƙarko

YOLA — Duk ɗan kasuwar da ya yi niyyar sayen mota a Yola ko Jimeta, tambayar farko da masana harkar ke yi masa ita ce ina za shi da ita. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga gida zuwa Babbar Kasuwar Jimeta ba, bukatarsa daban take da ta wanda yake bin kasuwannin Mubi da Ganye kowane mako. Amma yawancin masu saye mota ɗaya suke iya riƙewa. Ita za ta kai yara makaranta, ta ɗauko kaya, ta je ɗaurin aure ran Asabar, sa'an nan kuma maigida yana so in ya kama sitiyari ya ji daɗi a ransa. Samun motar da za ta biya waɗannan bukatu duka ya ƙara wuya tun 2023, lokacin da kuɗin mota da na man fetur suka yi tashin gwauron zabo.

A zamanin tsohuwar Jihar Gongola, wadda aka cire Adamawa daga cikinta a ranar 27 ga Agusta, 1991, zaɓin bai da wahala. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ita ce motar gwamnati, ita ce ta attajiri, ita ce kuma ta haya a tasha. Ƙasanta yana da tsayi daga ƙasa, injinta ba shi da sarƙaƙiya, kuma da wuya a sami garin da babu bakaniken da zai kwance ta ya mayar a gindin bishiya. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006, shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Faransa.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ne ya fara raba talaka da ma'aikaci da sabuwar mota. Darajar Naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shigo da su ta kan iyaka. Daga nan aka sami sunan 'yar Kwatano ko Beljiyam. Gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, saboda haka hanyar da doka ta bari ita ce ta tashoshin ruwa irin na Legas. Daga can zuwa Yola tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma kuɗin dakon a kan mai saye yake ƙarewa.

Abin da ya bambanta Adamawa da wasu wurare shi ne zafi da hanya. A watannin Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yakan haura digiri 40. Motar da aka ƙera don yanayin sanyin Turai ko Kanada, in lagiretonta ya tsufa ko fankarta ta raunana, a nan asirinta yake tonuwa. Injin ya ɗau zafi, gaskit ya ƙone, mai ita ya tashi da kuɗin gyaran da bai shirya ba. Makanikai da yawa suna da al'adar cire abin da ke daidaita zafin injin su haɗa fanka kai tsaye, alhali masu ƙera motocin ba su yarda da wannan dabara ba, domin tana sa injin shan mai fiye da kima yana kuma saurin gajiya. Wanke lagireto da zuba ruwan da aka yi domin sa ya fi sauƙi a kan aljihu. Tayoyi ma haka suke. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi tsakanin Numan da Gombe haɗari ne ga rai kafin a zo ga maganar dukiya.

Sai damina. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, sun nuna wa masu motoci cewa ruwa yana kashe mota ta zamani fiye da yadda yake yi wa tsohuwa. Ita ta zamani kwamfuta ce ke tafiyar da ita, in ruwa ya shiga wayoyinta sai ta riƙa ciwo iri-iri wanda bakanike ke bi yana lalube. Wani abin lura kuma, wasu daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka a wurin gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, bayan sun yi haɗari ko ruwa ya ci su. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 takan bayyana tarihin irin wannan mota ga wanda ya bincika ta intanet kafin ya biya.

Direbobin haya na tashar Jambutu sun daɗe da yanke nasu hukuncin. 'Yar ƙaramar Toyota Starlet, wadda aka daina ƙerawa tun 1999, ta shafe shekaru tana ɗaukar fasinja da kaya a hanyoyin jihar, domin ba ta shan mai kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Ba wanda ya saye ta don kyau. Amma darasinta ya shafi mai motar gida ma: ƙarkon mota a Yola rabinsa a shagon mai sayar da kayan gyara yake. Toyota Corolla da Camry suna riƙe daraja a kasuwar dillalai saboda wannan dalili, har ma ana yi musu kallon ajiya, ganin cewa ranar da bukata ta taso ba a rasa mai saye. Motar da sai an yi odar ƙaramin ƙarfenta daga Legas ko Kano takan yi makonni a gareji, mai ita yana biyan Keke Napep.

Duk da haka sha'awa ba laifi ba ce, kuma Arewa tana da nata gwanayen. Honda Accord ta daɗe tana jan hankalin samari da matasan 'yan kasuwa saboda saurin tashinta da daɗin sitiyarinta, har aka raɗa wa samfurorinta laƙabi daban-daban. Sharaɗinta shi ne a riƙa duba ƙafafun gaba a kai a kai, domin ramukan hanya suna gajiyar da su. Peugeot 406 kuwa masu doguwar tafiya suna yabon yadda take kama titi da laushin zamanta, ga makanikan da suka gaji aikin Fijo. Mercedes ta fi su ƙasaita a wurin taro, sai dai tana bukatar bakanike mai na'urar bincike da kuma aljihu mai zurfi. A ma'aunin kasuwanci, 406 mai giyar hannu ko Accord mai silinda huɗu sun fi kusa da haɗa daɗi da hidima, fiye da babbar jif mai silinda shida ko takwas wadda mai ita zai riƙa jin tsoron tayar da ita.

Dalilin tsoron kuwa a fili yake. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, sai lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. A watan Yuni 2024 dillalan mai masu zaman kansu na Adamawa da Taraba sun rufe gidajen mai na wasu kwanaki saboda taƙaddama da hukumar kwastam kan zargin fasa ƙwauri zuwa Kamaru, farashi ya ƙara hawa a hannun 'yan bumburutu. A ɗauki misali da tafiyar Yola zuwa Mubi da dawowa, kimanin kilomita 400. Motar da ke cin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha lita 40, wadda ke cin kilomita shida kuwa za ta sha kusan lita 67. Idan an ƙaddara lita a kan Naira 1,000, bambancin ya kai Naira 27,000 a tafiya guda, kuma mai zuwa kowane mako zai yi asarar fiye da Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a shekara. Wannan jari ne a wurin ƙaramin ɗan kasuwa.

Faɗuwar Naira, wadda ta tashi daga kimanin 460 a kan Dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, ta ɗaga kuɗin mota da na fiton kwastam gaba ɗaya. Wannan ya tura masu saye da yawa zuwa ga motocin da aka riga aka hau a cikin gida. A nan takardu ne abin tsoro. Motar da aka shigo da ita ba a biya fito ba kwastam na iya kama ta a hanya ko da ta wuce hannu uku, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ke ɗaukar asara. Dillalan da suka san aikinsu sukan kai mai saye ofishin kwastam a tantance takardar fiton kafin a ƙirga kuɗi, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu tare da takardar canjin mallaka. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, kuma daga 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sanda suka fara tsananta binciken ta a kan hanyoyi.