Gyaran Cikin Mota Kafin A Ɗauki Hanyar Tamanrasat

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa sauke dabba a Tamanrasat ya san mai saye ba ya tambayar nawa aka biya direba. Jikin dabbar yake dubawa. In ya ga ƙujewa a ƙugu ko ya ga tana ɗingishi, to shi ke nan, sai ya rage kuɗi, kuma ba ka da bakin magana. Mafi yawan wannan hasara a cikin bodin mota ake yin ta, shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna yadda ake lulluɓe cikin mota da kashe ƙararta, musamman ƙananan motoci irin su J5 da Hiace da wasunmu ke cire wa kujeru su loda raguna da maruƙa.

Mu fara da hanyar kanta. Daga Arlit zuwa Asamaka wajen kilomita 200 ne na rairayi da gargada, daga Ingizam kuma zuwa Tamanrasat wajen kilomita 400, ana ta hawa har a kai tudun Ahaggar. A Ingizam zafin bazara yakan wuce digiri 45, amma garin Tamanrasat yana bisa tudu fiye da mita 1,300, da daren hunturu kuwa sanyinsa har cikin ƙashi. Dabbobi na cikin kayan da dokar Aljeriya ta 1994 ta yarda a yi musayarsu da kaya irin su dabino da gishiri, dokar da aka sabunta a 2020. Wato dai ƙimar ragonka ita ce yawan buhunan da za ka komo da su.

To, akwai wani kwaikwayo da ya shigo. Ana ganin motocin 'yan yawon buɗe ido an liƙe cikinsu da soso da kafet, ba ƙara ba zafi, sai mutum ya ce shi ma haka zai yi wa tasa. A ganinmu wannan ɓarnar kuɗi ce. Soso yana shan fitsari kamar me, ba ya wankuwa, ba ya bushewa. Kwana biyu sai zarni ya cika motar har idanun dabbobi su riƙa hawaye, ƙarfen da ke ƙarƙashi ya yi ta tsatsa ba a sani ba, kuma cutar da garken jiya ya bari nan za ta zauna ta jira garken gobe. Ga shi tumaki ba su ƙi su yage shi su haɗiye ba.

Daɓen mota shi ne kan gaba. Ƙarfe in ya jiƙe santsi gare shi, dabbar da ta faɗi a cikin cunkoso kuwa da wuya ta tashi, sai 'yan'uwanta su tattake ta. A shimfiɗa roba mai kauri wadda za a iya janyewa a wanke, ko a sa katako a gitta masa ƙananan sanduna don kofato ya sami abin tokarewa. A bisa sai a zuba yashi, a bi da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Gefuna kuma a buga musu falanki mai sulɓi har ya wuce tsayin dabba, a tabbata ba kan ƙusa ko bakin walda da ya leƙo. Mai mota ya shafa da tafin hannunsa tun daga gaba har baya. Duk abin da ya karce shi zai karce fata, fata kuwa kuɗi ce.

Sai maganar ƙara. Shanu da tumaki suna jin siririn sautin da kunnen mutum ba ya kamawa, kuma ƙarar ƙarfe yana bugun ƙarfe tana firgita su ƙwarai. Wata masaniyar dabbobi a Amurka, Temple Grandin, ta daɗe tana jan hankali kan haka. Dabbar da ta yini a firgice ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ture-ture da harbi. Maganin ba tsada: a yanka tsohon tub na taya a cusa duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, a bakin ƙofa, a sakata, a bayan falanki. A ɗaure sarƙar da ke lilo. Faffaɗan bangon da ke ruri kamar ganga, ba sai an rufe shi duka ba, 'yan guntayen roba da aka manna a tsakiyarsa sun isa su kashe amon. A guji irin mai kwalta a jiki, don zafin Sahara yana narkar da ita.

Amma fa a kiyaye, kada garin neman shiru a toshe iska. Motar da aka liƙe ruf tanda ce, numfashin raguna ashirin kaɗai ya isa ya dafa su in aka tsaya jiran takardu a kan iyaka. A bar kafofi a sama ta gefe biyu, a sa musu raga, a kuma yi ƙyauren da za a iya ja idan an hau tudu sanyin dare ya sauko. Tsakanin direba da dabbobi a gina shinge mai ƙarfi, a bar 'yar taga wadda yaron mota zai riƙa leƙawa ya ga ko wata ta kwanta.